Tarihin ƙungiyar makaɗan garinmu: ta ina za mu fara, tunda jagora ya rasu?

Ɗan Ƙofar Rini

Assalamu alaikum iyaye da malamai na wannan zaure. Ƙungiyar matasan garinmu, wani ƙauye a gabashin Sakkwato, ta ɗora mana aikin rubuta tarihin tsohuwar ƙungiyar makaɗan kotso da ta yi wa uban ƙasarmu waƙa shekara da shekaru. Jagoran ya daɗe da rasuwa. 'Yan amshi uku suka rage, duk sun manyanta, ɗaya ma ba ya iya fita. Abin da ke hannunmu shi ne kaset 14, wasu babu rubutu a jikinsu, da kotso biyu da fatarsu ta yage, da hoto ɗaya na ranar salla. Don Allah a taimaka mana: yaya irin waɗannan ƙungiyoyi suke samo asali a ƙasar nan, yaya tsarinsu yake daga ciki, ta yaya za mu gane shekarar da aka yi waƙa, kuma me za mu yi da kaset ɗin kada mu lalata su da hannunmu?

Malamin Adabi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuskuren farko da masu irin wannan aiki ke yi shi ne su rubuta tarihin jagora, su sa masa suna tarihin ƙungiya. Ba laifinsu ba ne sosai. Sunan jagora rediyo ke faɗa, hotonsa ke jikin kaset. Tambayi mutum goma wa ya yi Bakandamiya, duk za su ce Narambaɗa. Ce su kawo sunan mutum biyu cikin masu karɓa masa, sai ka ji tsit, alhali rabin waƙar a bakinsu take. Saboda haka 'yan amshin nan uku sun fi kaset 14 ɗin daraja, kuma sun fi su saurin ɓacewa. Da su za ku fara, ba da kaset ba.

Asalin ƙungiyar kiɗan fada kusan kullum gida ne. Uba ke jagora, ƙannensa da 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwa ke amshi, sai wasu da suka zo koyo suka zauna har suka zama 'yan gida. Dubi gidan su Musa Ɗanƙwairo. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne. Da ya rasu, wansa Abdu Kurna ya karɓi jagoranci, Musa yana bayansa a matsayin Daudun kiɗi, wato mataimakin jagora, kafin daga baya ya tsaya da ƙafarsa har ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙin da kowa ya sani. Ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba. Ka ga ƙungiya ɗaya ce ta ratsa hannu uku zuwa huɗu, ta rabu a hanya. Wanda ya fara lissafi daga ranar da aka fara jin Ɗanƙwairo a rediyo ya zubar da rabin labarin.

Ƙafa ta biyu ita ce ubangida. Ƙungiya tana rayuwa ne a inuwar sarauta: gida, gona, doki, riga, hatsi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali yana tare da Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya, ya zauna da iyayen gida daban-daban kafin ya tare a nan Sakkwato ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya rasu a 1973. Sa'idu Faru ya shahara da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Aliyu Ɗandawo daga Shuni ya fito, ya zauna Argungu, ya ƙare a Yawuri. Duk inda ka ga ƙungiya ta tashi daga gari zuwa gari, nemi abin da ya faru da ubangida: rasuwa, tuɓewa, ko saɓani. Don haka ku samo jerin waɗanda suka riƙe sarautar garinku da shekarun kowa, shi ne ƙashin bayan littafinku.

Kada kuma ku ɗauka ƙungiyar da kiɗan fada ta fara. Da yawa daga gona suka fito. Narambaɗa kansa da waƙoƙin noma ya soma. Ku tambayi tsofaffin nan ko kakanninsu sun yi wa manoma kiɗa a gayya, ko 'yan kokawa, kafin a jawo su ƙofar fada.

Akwai wani abu na tarihi da ya kamata ya shiga gabatarwarku. Shugabannin jihadin 1804 sun soki kaɗe-kaɗen fadojin da suka taras, sun yi sassauci ga gangar yaƙi da ta kiran jama'a da bugun shelar aure. Kiɗan yabon sarakuna a hankali ya sake kama ƙasa. A ganina ba banza ba ne manyan gidajen kotso da taushi suka fi yawa a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, inda tsohuwar al'adar fada ta yi saiwa tun kafin Muhammadu Bello ya gina birnin Sakkwato a 1809.

Daga baya abubuwa biyu suka juya sana'ar. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ta fitar da muryar makaɗin hakimi ɗaya zuwa duk Arewa, har attajirin Kano ya san shi ya aika a kira shi. Sannan tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba sarakuna da kotuna da 'yan doka da gidan yari da baitulmali. Hannun ubangida ya yi sauƙi, makaɗa suka karkata ga 'yan kasuwa da 'yan siyasa. Idan a kaset ɗinku kuka ji waƙoƙin alhazai sun fara yawa fiye da na uban ƙasa, a nan kuke.

In za ku nemi takardu, ku je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗalibai suka tara kundaye kan makaɗan ƙauyuka, da ɗakin ajiyar Rima Rediyo. Ku tuna iyakokin yau sababbi ne: Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996. A tsofaffin takardu Maradun da Argungu da Isa duk Lardin Sakkwato ne.

Baba na Gidan Kotso

Ɗana, Allah shi yi ma albarka. Malam ya hwaɗi na littahi, bari in ƙara ma da na cikin gida.

Ƙungiyar kotso galibi mutum biyat ta zuwa takwas, ban da yara masu ɗaukar kaya. Jagora shi ka ƙulla waƙa, shi ka aza gindi, wato tushen waƙa da aka maimaitawa. Mai bi mai shi ad Daudun kiɗi, shi ka riƙon ƙungiya in jagora ya yi ciwo ko tahiya. 'Yan amshi, da mu ka ce ma 'yan karɓi, su ka kiɗi kuma su ka karɓi lokaci guda, kotso rataye ga kahwaɗa, hannu na bugu, hannu na matsa tsarkiya, baki na waƙa. Wanga aiki ukku ga mutum guda shi as sa ba a yin ɗan karɓi cikin wata shidda. Sannan ga sanƙira. Shi ba ya waƙa, aikinai kirari da shelar kyauta, amma kada ku raina shi ga tarihi, don shi ka riƙe wa yab ba da mi, kuma ranar mi.

Karɓi ba iri guda ba na. Akwai maimaita gindi bayan kowane ɗa, wato baitin waƙa, wanga kowa ya san shi. Akwai ƙari, inda jagora ka ɗauko magana shi bar ta rataye, su su cika ta. Akwai karɓeɓeniya, shi hwaɗi layi su hwaɗi layi. Wani lokaci ma su ka ɗaukar ɗa sukutum su kai shi ƙarshe, jagora na hutar da maƙoshi. In za ku rubuta waƙa, ku raba bakin jagora da bakin 'yan karɓi layi-layi. In kunka haɗe su wuri guda, kun kashe shedar aikin tsohwahin nan da hannunku.

Kuma dut murya guda su ka bi. Ba a raba ta manya da ƙanana kashi huɗu awa yadda mawaƙan coci ka yi. Gwanintar ita ta mutum shidda su buɗe baki a ji awa mutum guda na. Abin da ka ɓata ta sananne na. Wani shi yi gaggawa shi shiga tun jagora bai aje ba, shi taka mai magana. Wani muryatai ta hi ta sauran kaihi, sai ta ɓullo sama. In gindi ya yi tsawo, numhwashi shi ƙare kahin ƙarshe, kalmar ƙarshe ta haɗiye. In matashi na ga kotso, jini na tahwasa, sai kiɗi shi danne waƙa, kuma ga kiɗin hwada magana ita ad gaba, sarki zance ya ka saurare. Shi as sa aka aje mai sanyin hannu kusa ga jagora.

Yadda aka yin sabuwar waƙa, wagga ita at tambayar da za ta buɗe muku bakin tsohwahin. Jagora ka zowa da gindi, a zauna zaure da dare bayan lisha, a yi ta juya shi hal shi zauna ga kiɗi. Ɗiyan waƙa kuwa ba jagora kaɗai ka kawo su ba. Wani ɗan karɓi ya jiyo asalin ubangida ga bakin wani bahwade, wani ya iya habaici, wani ya gyara kalma ta hau kiɗi. Ba a hita da waƙa gaban sarki sai ta nuna. To ku sa ma kowane tsoho kaset, ku tsai da shi bayan kowane ɗa, ku ce: Baba, wanga wa yak kawo shi? Za ku sha mamaki.

Ku gana da su ɗai-ɗai tukuna, kahin ku haɗa su. In kunka tara su tun hwarko, babba ka magana, sauran su ce haka na, ko da ba haka ba na. Kada zama shi wuce awa guda, kuma da hantsi ya hi, tsoho na gajiya. Wanda ba ya hita, shi za ku hwara zuwa ma. Ku tahi da goro da ɗan abin hannu, makaɗi ba a zo mai hannu sake.

Abu ukku ka kashe ƙungiya, ku bi su a hankali. Na hwarko rabo. Doki da babbar riga na jagora na, kuɗɗi da hatsi aka rabawa, kuma kowane gida da nashi tsari, kada ku ɗauko na wani gida ku liƙa musu. Ranar da ɗan karɓi yag ga rabonai bai kai wahalatai ba, ya hwara neman hanya. Na biyu gado: jagora ya rasu, ga ɗanai, ga Daudu wanda yaɗ ɗauki shekara talatin bayanai, wa za a bi? Nan ƙungiya ka tsagewa biyu. Na ukku murya, don akwai ɗan da ka gadon kotso bai gadi maƙoshi ba.

Sai zambo. Cikin kaset ɗin nan akwai inda anka kira wani da sunan dabba ko wata siffa, ba a ambaci sunanai ba. Galibi ɗan sarki na da yay yi takara da ubangida. Tsohwahin sun san ko wane na, kuma jikokinai na nan garinku, wataƙila ma cikin ƙungiyarku ta matasa. Ku ji, ku aje ga ajiya, amma kada ku buga suna ga littahi sai kun shawarci uban ƙasa.

Mai Gyaran Rikoda

Yallaɓai, kafin komai kada ku sa kaset ko ɗaya cikin rikodar da ta shekara goma a ajiye. Bel ɗinta ya saki ko ya narke, robar da ke jan zare ta bushe ko ta yi danƙo, cikin minti ɗaya za ta tauna muku zaren da babu irinsa. Ku kai ta wurin mai gyara ya sauya bel, ya goge hed da ƙarfen jan zare da auduga da sifirit, a bari ya bushe, sannan a gwada ta da wani kaset da ba ku damu da shi ba, gaba da baya.

Kowane kaset a ba shi lamba 1 zuwa 14, a ɗauki hoton gabansa da bayansa da kwalinsa, don wani lokaci sunan shagon da ya kwafa ko ɗan rubutun biro shi ne kaɗai shedar zamani. A ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, yadda ko wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge komai ba. A duba ɗan soson da ke tallafe zare a tsakiya. Yakan faɗi saboda gam ɗinsa ya mutu, kuma in babu shi sauti zai fito a dushe ko ya ƙi fita. Ana ciro na wani kaset a liƙa. A sa biro a juya zaren a hankali. In ya yi tauri kada a tilasta, a kwance notin nan biyar a mayar da zaren cikin sabon gida. In kun ga farin fumfuna a gefen zare, ku ware wannan kaset daban, shi za a yi a ƙarshe, a sake goge hed bayansa. Zaren da ya tsinke ba a ɗaure shi, ba a kuma sa masa salatif na ofis, gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne zaren da ke kusa.

Wajen kwafa, kada ku kunna rikoda ku kara waya a bakin lasifika. Za ku kwashi kukan akuya da ƙarar babur ku rasa ƙasan kotso. A jona waya daga ramin iyafis na rikoda zuwa kwamfuta, a yi amfani da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce. A ajiye a tsarin fayil na WAV, 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait 1, kaset C60 awa ɗaya ne, C90 awa ɗaya da rabi, ke nan duka 14 ba za su wuce gigabait 21 ba. A daidaita ƙarfin sauti yadda bugun kotso mafi ƙarfi ba zai taɓa jan layin ma'aunin sauti ba, don in ya fashe ba ya gyaruwa. In murya ta fito kamar an rufe ta da bargo, akwai ɗan noti a gefen hed, a juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har sautin ya washe. Kowane kaset da nasa saiti, tunda ba rikoda ɗaya ta ɗauke su ba. A yi aikin da batir sabo ko inbata, ba janareta ba, don kada gurnani ya shiga.

A kwafi kowane gefe sukutum, har da surutun da ke tsakanin waƙoƙi. Gaisuwar mai gabatarwa, shelar sanƙira, tarin wani, nan ake tsintar suna da wuri. Wannan kwafi na asali ba a taɓa shi. In za a yanka ko a rage shuuu, a yi a kan kwafi na biyu, shi za a mayar MP3 a raba wa jama'a. A ajiye a wuri uku, ɗaya ba a gida ɗaya da sauran ba. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, kada a sake ɗauka da saƙon murya.

Wani abu da ke ruɗin mutane: za ku iya jin jagora da siririyar murya da kiɗa mai gudu, ku ce yana saurayi ne. Ba lallai ba. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In batirin mai ɗauka ya yi sanyi ranar, zaren ya tafi a hankali, to yau da aka kunna shi daidai sai komai ya yi sauri ya yi sama. Ku sa wa tsofaffin, su za su ce ba haka muryarsa take ba, sai a rage gudun a kwamfuta har su gyaɗa kai.

Ɗan Ƙofar Rini

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam da Yallaɓai. Mun dakatar da kunna kaset ɗin. Saura maganar shekaru, don tsofaffin in an tambaye su sai su ce "an daɗe".

Hajiya 'Yar Wurno

Kafin Malam ya amsa maka, ɗana, ina da gyara. Yadda zancen ke tafiya kamar waƙar taro a ƙasar Sakkwato ta maza ce ta ƙofar fada kawai. In babin farko na littafinku zai yi bayanin asalin jagora da amshi a ƙasar nan, ba zai cika ba sai da 'Yan Taru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta tsara mata ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabarta da ake kira jaji. Ana naɗa jaji da malfa da jan rawani. Ita ke jagorantar matan ƙauyensu, tsofaffi da 'yan mata, zuwa wurin Nana, su karɓi karatu cikin waƙa da Hausa ko Fulfulde, su koma gida su koyar. Babu ganga, babu ubangida mai ba da doki, amma tsarin baki ɗaya ya bayar, bakuna su karɓa, shi ne dai. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin. Waƙoƙin safe na makarantun Islamiyya, inda yarinya ɗaya ke bayarwa aji na amsawa, ba daga sama suka faɗo ba.

Ga kuma masu Ishiriniya a watan Mauludi, waƙar Alfazazi mutumin Andalus, baiti ashirin-ashirin a kan kowane harafi, da ake rerawa cikin taro har dare ya raba. Ga amada, mata da ƙwarya a kife cikin ruwa da wasu a ƙasa, zabiya na bayarwa ana amsawa, irin wadda Barmani Choge ta fitar duniya ta sani. Ga zumuntar mata a coci-cocin garin nan da nasu waƙoƙin Hausa. Ba na ce ku rubuta duka ba. Shafi biyu sun isa, don mai karatu ya san inda kotso ya zauna a cikin sauran.

Na biyu, kuma wannan ya fi shafar aikinku: kun lissafa 'yan amshi uku, ba ku lissafa matan gidan ba. Matar jagora in tana raye, da 'ya'yansa mata, da matan 'yan amshin. A zauren gidansu aka yi ta juya waƙoƙin nan dare da dare, suna ji daga ciki. Sau da yawa mace ce ke riƙe da ɗan waƙar da aka yar ba a fita da shi ba. Kuma lissafin shekara a hannunsu yake, don mace ba ta mance cikin wa take ɗauke da shi ranar da aka kawo doki gida, ko goyon wa take yi da aka tafi yawon kiɗa wata uku. Ka samu shekarun wannan ɗan, ka samu shekarar waƙa. Ku tura mata biyu daga cikinku su yi wannan hirar a cikin gida. In samari suka je, gaisuwa za a yi daga bayan labule a sallame su.

Malamin Adabi

Gyaran ya karɓu, Hajiya, kuma dabarar goyo ta fi duk wadda zan kawo.

Ƙanena, daina tambayar "yaushe". Tambayi wa ke sarauta, wa ke hakimci, kafin fari ne ko bayansa. Sannan ka bi waƙar da kanta, tana ɗauke da shedu. In ana yi wa Sardauna addu'ar tsawon rai, kafin 15 ga Janairu 1966 ne. In an ce Jihar Arewa maso Yamma, tsakanin 1967 da 1976. In an ambaci jam'iyyar NPN ko GNPP ko PRP, 1978 zuwa 1983. Sarkin Musulmi Abubakar ya yi daga 1938 zuwa 1988, wannan faɗi ne da yawa, amma Dasuƙi 1988 zuwa 1996 ne, ya fi matsewa. Canjin hannu a titi 1972. Babban fari 1973 zuwa 1974. Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, don haka waƙar da ta ce naira ba ta riga wannan rana ba. Amma kada ka juya ƙa'idar: jin fam ko sule ba ya nuna kafin 1973, domin mutanenmu sun daɗe suna kiran naira biyu fam, kwabo goma sule.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne waƙar baka ba ta tsayawa wuri ɗaya. Gindi yana iya zama na 1955, a yi ta ƙara masa 'ya'ya har 1980. Ubangida ya je Makka a ƙara ɗa, ya sayi mota a ƙara ɗa, abokin takararsa ya mutu a cire zambonsa. Saboda haka kowace waƙa shekara biyu gare ta: ta ƙulla gindi, da ta ɗaukar da ke cikin kaset. Ku buɗe wa kowace gurbinta. In waƙa ɗaya ta fito a kaset biyu, kada ku zaɓi mai kyau ku yar da ɗaya, bambancinsu shi ne tarihin. In kuma kuka ji wata ta ƙare cikin minti uku kamar an datse ta, mai yiwuwa daga faifan garmaho aka kwafo, wanda gefensa ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haka, ba tsawonta na gaskiya ke nan ba.

Hoton sallar ma zai yi magana. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, salla na zagaye damina da rani cikin kusan shekara 33. In tsofaffin suka ce babbar salla ce kuma gero ya fitar da kai, ka rage shekarun da za ta iya zama zuwa 'yan kaɗan. Ku buga hoton da girma, ku sa lamba a kan kowane mutum, kowane tsoho ya faɗi sunayen shi kaɗai, sannan ku gwama. Inda ba ku tabbatar ba ku rubuta "tsakanin kaza da kaza", kada ku zaɓi shekara ɗaya don shafi ya yi kyau.

Baba na Gidan Kotso

Na mance da kotsunan nan biyu. Kada ku ba kowa shi sake musu hwata tukuna. Ku ɗauki hoto, ku auna tsawo da hwaɗin baki, ku ƙirga tsarkiya, ku tambayi wa yas sassaƙa iccen, don masassaƙi da mai ɗaurin hwata su ma 'yan tarihin ƙungiya na. Guda ku bar shi yadda shike, ku shahe iccen da ɗan mai, ku rataye shi nesa da ƙasa saboda gara. Gudan a kai ma mai ɗauri shi sa hwatar akuya, shi aza nake ga tsakiya, ɗan danƙon nan da ka ba kotso zurhin murya. In nake ya yi yawa sauti shi mutu, in ya yi kaɗan shi yi ƙara awa gwangwani, sai a riƙa ƙarawa ana bugu hal tsoho shi ce ya yi. Da damana hwata ka saki, a shanya ta ga rana kahin a taɓa. Da hunturu ita ka bushewa ta tsage, kada a bar ta waje ta kwana.

Ranar da za ku haɗa su ukkun, ku kai kotson ku aje gabansu, kada ku ce su yi waƙa. Ku dai tabbata abin ɗaukar magana na kunne tun kahin ku shiga zaure.